A Juya Bayansa Tukuna

Da yawanku kun san rumfarmu ta zannuwan gado da labule, wasu kuma a masallacin layi suka san mu, ranakun da Liman ya yi tafiya muke ja wa mutane salla. Sanyi ya sake matsowa, teloli sun fara karɓar aikin dubet, mu 'yan kasuwa kuma mun fara tsaya musu a ka. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba da labarin wata asara da muka tafka a sanyin bara, da ɗan ilimin da muka saya da ita, ko Allah ya sa wani ya samu a kyauta.

Ga wanda bai saba da sunan ba, dubet shi ne lulluɓin nan mai kauri da ya maye gurbin bargo a ɗakin amare. Shimfiɗa uku ne: yadi a sama, faiba a tsakiya, wani yadin a ƙasa, sai a bi su da layukan ɗinki domin su zama abu ɗaya. Da can na waje muke sarowa, na Sin da na Turkiyya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu sayayya a wurinmu, sai muka koma sayo yadi daga Kantin Kwari a Kano, a ɗoro mana a mota mu karɓa a Zuba, mu nemi faiba a nan Abuja, mu ba yaran unguwa su ɗinka. Abin ya yi mana daɗi, don kuɗin yana zagayawa a tsakaninmu.

A farkon Disamba wata Hajiya, maƙwabciyarmu, ta zo rumfa. Za ta aurar da 'ya'yanta mata biyu rana ɗaya, tana son dubet 4, kowace yarinya biyu, da zannuwansu da rigunan filo. Ta biya gaba ɗaya, ta kuma gaya mana kuɗin adashenta ne da ta ɗauka. Muka ce tunda za a yanka, bari mu ƙara 6 na rumfa, su zama 10. Sai yadi ya makara a hanya. Ranar da ya iso, saura kwana 7 a yi jere.

Telan da muke ba wa aiki ɗan wani amininmu ne da ya rasu. A gabanmu ya yi karatu a Islamiyya, hannunsa yana da kyau a zanin gado da labule, yana da keke Butterfly da ya sa wa mota. Da ya ga kayan sai ya ce, "Baba, wannan aikin yana son shimfiɗa, a ba ni kwana goma." Muka ce masa kwana huɗu. Ya sake buɗe baki, muka tare shi: "Kai ɗana, keke ne zai yi gudun ko kai? Miƙaƙƙen layi ne fa, ba surfani ba." Ya yi shiru ya kwashi kaya. Yaron kirki ba ya musu da aminin ubansa, mu kuma muka ɗauki shirun nan a matsayin yarda.

Ranar kwana huɗu ya kawo su a ninke cikin jakunkunan leda, fuskarsu sumul, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Muka sa masa albarka. Bayan isha'i muka tafi da guda ɗaya gida don iyali su gani. Mai ɗakinmu ta warware shi a kan gado, ta yaba launi, sannan ta yi abin da mu ba mu yi ba, ta juya bayansa. Ta ce, "Malam, zo ka ga." Duk inda layi ya gitta layi, yadin ya ninke an bi ta kansa da ɗinki. Tsakanin layuka kuma ya tattare a karkace kamar kunyoyin gona. A gefe guda yadin ƙasa ya gaza na sama da kusan tafin hannu, an ja shi da ƙarfi an kalmashe, shi ya sa kusurwar ta ƙi kwanciya. Muka koma rumfa da tocila a daren nan muka buɗe sauran. Babu wanda ya kuɓuta.

Ba za mu ɓoye muku abin da ya zo mana a zuciya ba. Mun ce ai ranar jere fuska ake shimfiɗawa sama, wa zai ɗaga? Kafin a lura an sha biki an watse, kuma ɗumi dai zai yi ɗumi. Mun daɗe a zaune muna wannan lissafi, mu da watanni kaɗan kafin nan muka karanta wa manyan ɗalibai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda ya jera ɓoye aibin kaya tare da algus da yaudara cikin abubuwan da ba su halatta. Mu ne kuma muka sha kawo wa jama'a hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai shi don me bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Wallahi karantar da wannan a kan buzu abu ne mai sauƙi. Ranar da jiƙaƙƙen ya zama naka, kuma kuɗin mutane ya riga ya shige cikin kaya, a nan ake sanin nauyinsa. Abin da ya ƙarasa karya mana wuya shi ne maganar mai ɗakinmu, da ta ce dangin ango mata ba abin da ba sa ɗagawa a ɗakin amarya, kuma gorin ba kanmu zai sauka ba, kan yarinya zai sauka.

Da safe muka kira yaron muka yi masa faɗa sosai. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Baba, ni ban taɓa ɗinka mai girman wannan ba. A kan teburin keke nake haɗa su ina turawa. Na ga yana tattarewa, amma in na tsaya warwarewa ba zan cika kwanakin da kuka ba ni ba." Ba mu sami abin ce masa ba.

Akwai wani dattijo, mutumin Zazzau, mai ɗinkin kujeru da rigunan katifa a wajen kasuwar katako ta Dei-Dei, mun san shi shekara da shekaru. Muka ɗauki dubet ɗaya da yaron muka tafi wurinsa. Ya shafa bayan da tafin hannu, ya dube mu ya ce, "Liman, wannan tun kafin allura ta sauka ya lalace." Abin da ya koya mana ranar shi ne za mu zayyana a nan gwargwadon yadda muka riƙe, kuma mun gwada mun ga haka yake.

Ya fara da keken kansa. A ƙarƙashin allura akwai haƙora masu jan yadi baya, a sama kuma akwai ɗan ƙarfen da ke danne shi. Haƙoran suna tafiya, ƙarfen yana tsaye. Ke nan shimfiɗar ƙasa ake ja, ta sama kuwa ana ɗan tokare ta. In yadi biyu ne marasa kauri, kamar zanin gado, bambancin ba ya nunawa. Amma in faiba ta shiga tsakani, mai laushi da santsi, kowace shimfiɗa tafiyarta take yi daban. Kaɗan-kaɗan rarar yadi tana taruwa, har a iso inda wani layin ya riga ya kafe shi. A nan ba ta da wurin zuwa, sai ta ninke allura ta bi ta kanta. Muka tambaye shi me ya sa bayan ya fi fuskar muni. Ya ce saboda fuskar tana gaban tela, yana gani yana lallashinta da hannu, bayan kuwa ba mai ganinsa.

Daga nan ya ɗauko zancen gidansu, domin kakanninsa aikin kayan doki suka yi. Ya ce ɗinkin shimfiɗa uku ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Lifidin da muke gani jikin dawakin 'yan lifida a hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, yadi ne sama da ƙasa da audugar rimi ko auduga a tsakiya, an bi shi da layukan ɗinki don kada cikin ya gangara gefe guda. Da shi mahaya suka shiga yaƙi suna kare kansu da dawakinsu daga kibiya. Ko sunan garin nan da muke zaune daga mutanen wancan zamani ya fito, daga Abu Ja na gidan sarautar Zazzau, wanda ya kafa garin Abuja na asali a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Ya ce masu ɗinkin lifidi da hannu suke yi, hannu ɗaya a sama da allura, ɗaya a ƙasa yana tarbarta. Kowane taku sai hannun ƙasa ya ji yadda yadi yake kwance. Keke ya kawo sauri, amma ya cire hannun nan na ƙasa. Duk dabarun da zai faɗa mana, in ji shi, hanyoyi ne na mayar da wannan hannu.

Na farko shi ne shimfiɗa, abin da yaron ya roƙe mu muka hana. In yadin auduga ne a wanke shi tukuna, domin auduga tana shiga a wankin farko, faiba ba ta shiga, in ba a yi haka ba ko ɗinki ya fita lafiya zai tattare ranar da amarya ta wanke. A goge yadin sama da na ƙasa. A fitar da faiba daga ledarta a baza ta kwana, ta saki jiki daga matsin da ta sha. A yanka yadin ƙasa da faiba su fi na sama da inci 3 ko 4 a kowane gefe, sai an gama ɗinki a datse rarar. Sannan a nemi daɓe mai tsabta mai faɗi, a shimfiɗa yadin ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, a share shi da hannu daga tsakiya zuwa baki, a kama bakunan da salatif ko wani abu mai nauyi. Ya gargaɗe mu a nan: a miƙar da shi kawai, kada a ja shi kamar fatar ganga, don in an sake shi zai koma ya tattaro na sama. A ɗora faiba, a ɗora yadin sama, kowanne a share shi daga tsakiya.

Na biyu shi ne kafewa. A fara sa fil daga tsakiya ana fita waje, tsakanin fil da fil tafin hannu guda, wato kamar inci 4, kuma kowane fil ya ratsa shimfiɗa ukun. Muka yi lissafi a nan take. Dubet na babban gado yana kai kusan ƙafa 7 kowane gefe, inci 84 ke nan, layi 21 sau 21, fil 441. Yaron ya ce shi bai fi 20 ya sa ba, a bakin-baki. Dattijon ya ce wanda ba shi da fil mai yawa ya ɗauki allurar hannu da zare mai wani launi, ya bi da dogon taku tsaye da kwance, in an gama a zare shi. Ya fi cin lokaci, amma ya fi fil riƙo, kuma ba ya soke hannu.

Na uku gyaran keke. A ƙara tsawon taku zuwa lamba 3 ko 4, domin gajeren taku yana tsuke abu mai kauri. A sassauta tenshan na zaren sama kaɗan. A sassauta sukurun da ke saman kan keke, wanda ke ƙara wa ƙarfen dannewa nauyi, don ya rage ture yadi. A sa sabuwar allura lamba 14 ko 16, kuma zaren sama da na ƙwarƙwaro su zama iri ɗaya. Kafin a taɓa kayan mutane a haɗa ƙyalle biyu da guntun faiba a gwada, a duba sama a duba ƙasa. Ya nuna mana kekensa na kujeru, wanda ƙarfen samansa ma takawa yake yi tare da haƙoran ƙasa, shi ya sa shimfiɗu ba sa tsere wa juna. Ya ce akwai ƙaramin irinsa da ake ɗaura wa wasu kekunan gida, amma a gwada shi a jikin keken kafin a biya.

Na huɗu shi ne zaman ɗinkin. Dubet yana da nauyi, in ya zubo daga tebur nauyinsa yana jan ɗinki ya karkata. A jera tebur a hagu da bayan keke ya ɗauki nauyin, ɓangaren da zai shiga ta dama kuma a naɗe shi kamar tabarma. A zana layuka da alli tun yana ƙasa, tazararsu daidai. Layin farko a tsakiya, daga nan a riƙa fita gefe. Duk layukan da ke jere a faro su daga ɓangare ɗaya, domin in wannan ya gangara wancan ya hauro, shi ke kawo tattarar nan ta karkace. Tafukan hannu biyu a kwance gefen allura, kada a ja daga baya, kada a tura daga gaba, kuma a rage gudun mota. Wanda bai ƙware ba ya tsaya a miƙaƙƙun layuka, ya bar gittawa sai hannunsa ya faɗa. A ƙarshe ya ce bayan kowane layi biyu ko uku a tsaya, a ɗaga, a dubi bayan. Warware layi ɗaya minti kaɗan ne, warware dubet guda yini ne.

Daga Dei-Dei gidan Hajiya muka zarce da nata guda 4. Muka warware su a tsakar gida, muka juya bayan da hannunmu. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Haba Malam, don na yarda da kai na tsallake kasuwar Wuse na kawo maka kuɗina. Yanzu saura kwana biyu ina zan sa kaina?" Muka ce laifin namu ne, mu muka matsa wa yaro, kuma zaɓi nata ne kamar yadda shari'a ta ba ta: ko ta karɓi kuɗinta, ko ta riƙe kayan, mu kuma in ta yarda mu sake mata aikin. Ta yi shiru can ta ce a gyara biyu kafin jere, kowace yarinya ɗaya, sauran biyun bayan biki.

Ranar ta faɗo Alhamis, ba karatu, sai muka nemi izini muka share aji ɗaya na Islamiyya muka goge daɓen. Mu da yaron da ƙannensa biyu muka zauna da reza muna warware ɗinki. A nan muka ƙara koyon wani abu: yadi mai araha ba ya mance ramin allura, kuma reza ta yanka mana bayan guda ɗaya, dole muka sake sabon yadi. Muka durƙusa muna sa fil har gwiwoyi suka sage. Shimfiɗa da kafe guda ɗaya ya ci mana kusan rabin yini, ɗinkin kansa bai kai haka ba. A kan gwiwoyin nan muka gane kwana goman da yaron ya nema ma ya yi mana rangwame. Biyun suka fita lafiya sama da ƙasa, aka kai su da safiyar jere. Da muka tashi daga aikin muka nemi gafararsa a gaban ƙannensa, domin faɗan da muka yi masa ba nasa ba ne.

Guda 6 na rumfa kuwa ba mu iya warware su ba. Muka rataye su bayansu na kallon hanya, muka karya kuɗin, duk wanda ya taya muka nuna masa aibin. Sun ƙare kafin sanyi ya wuce, amma ribar aikin gaba ɗaya ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi. Hajiya muna gaisawa lafiya, sai dai har yau ba ta sake sayen ko rigar filo a wurinmu ba, kuma ba mu ga laifinta ba. Sauri ya haifi nawa, mun gani da idonmu.

To 'yan uwa 'yan kasuwa, da ku muka fi son magana, domin mu ne muke yanka wa tela kwanaki da kuɗi. Mukan biya ɗinki, mu manta da shimfiɗa, saboda ba a jin ƙarar keke a lokacinta sai mu ɗauka ba aiki ake yi ba. In muka ba yaro kwanakin da ba su isa ba, abin da zai fara yankewa shi ne wanda ba ma gani, kuma alhakin da zai biyo baya muna da kaso mafi girma a ciki. A sa ranar shimfiɗa cikin lissafi, a sa kuɗin fil, a kawo yadi da wuri tun kafin bukukuwan ƙarshen shekara su cunkushe.

Ku kuma teloli 'ya'yanmu, girmama babba bai hana a gaya masa gaskiyar aiki ba. In kwanaki ba za su isa ba ku faɗa, ku maimaita, in ya ƙi ku ce a rage yawan kayan. Mun san yawancin shagunanku ba su da faɗin da za a baza dubet. Mun yi magana da masu kula da Islamiyya, sun yarda a riƙa amfani da ajin nan ranar Alhamis, da sharaɗin a share a bar shi yadda aka same shi. In kuma kuka haɗa adashe a tsakaninku kuka sayi keke ɗaya irin na masu kujeru, aikin dubet na unguwar nan ba zai riƙa fita waje ba.

Iyayenmu mata masu haɗa kayan ɗaki, kada kunyar mai rumfa ta hana ku. Ko a wurinmu ne, ku ce a fitar da shi daga leda, a warware, a juya bayansa tukuna. Ku dubi inda layuka suka gitta, ku haɗa kusurwa da kusurwa ku ga ko sun yi daidai. Mai kaya na gari ba zai ji haushi ba.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wanda ya yarda da mu, ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu.